Ruwan da Kawu Ibram Ya Hana

A unguwarmu ta Gure, in ka tambayi gidan Ibram za a ce maka wane Ibram ɗin, amma in ka ce Ibram Ƙarya-ne, kowa zai nuna maka ƙofar. Kawuna ne, yayan mahaifiyata Yabawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba don yana ƙarya aka laƙaba masa sunan ba. Kalmar ce ba ta barin bakinsa duk lokacin da aka kunna talabijin aka sa fim ɗin ƴan sanda. A iya sanina sau ɗaya ya taɓa yin ƙarya a rayuwarsa, ƙanwarsa ya yi wa, kuma sai da ya yi shekara biyu yana gadin ƙaryar nan don kada ta fashe.

An haife shi a wani kwari kusa da Bune, inda ake da dabino da kanwa, a gidan makiyaya masu yin yaren Manga a gida da Hausa a kasuwa. Aikinsa na farko a duniya jan guga ne. Ya sha ba mu labarin cewa sau ɗaya mahaifinsu ya taɓa dukansa, ranar da wani matafiyi ya iso bakin rijiya da rana tsaka, shi kuma ya ce masa ya jira ya gama shayar da maruƙa. Tsohon ya zane shi da igiyar gugar a gaban baƙon, ya ce a gidansu mutum ne yake fara sha kafin dabba, ko da ɓarawon shanunsu ne ya zo da ƙishi. Kawu yana ba da labarin yana dariya, yana shafa kafaɗarsa kamar har yanzu wurin yana zafi.

Farin shekarar tamanin da huɗu ya share musu garke kaf, ya bar su da igiyoyi. Ya riƙo hannun ƙanwarsa suka shigo Gure. Ita ta yi aure a gari, shi kuma ya samu aikin lebura a asibiti. Shekara talatin da ɗaya ya yi a can yana shara, yana wankin zannuwan gado, yana ɗaukar marasa lafiya daga mota zuwa ɗaki, yana wanke jini daga ƙasa. Bai yi boko ba, ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, amma ba a kawo mai rauni ba tare da an ƙwala masa kira ba. Ya ga wanda raƙumi ya ciza, ya ga wanda aka sara a rikicin gona, ya ga waɗanda aka zaro daga ƙarƙashin mota. Har majo, wato babban mai jinya, yakan dube shi in an shigo da mutum, domin Kawu yana iya kallon leɓen mai rauni da farcensa ya san ko zai kwana ko ba zai kwana ba. Ya auri Dija, ba su haihu ba, ta rasu tun ina ƙarama, bai sake aure ba.

Da ya ajiye aiki sai ya rasa inda zai sa kansa, ya koma zama a rumfar Jibo mai shayi, inda ake da talabijin. A lokacin ne ake yayin wani fim ɗin ƴan sanda mai kashi-kashi, wanda ake nunawa da Faransanci, a sake maimaita shi bayan la'asar. Wani babban birni ne mai dogayen benaye, kullum ana ruwan sama, kullum an tsinci gawa. Kawu ba ya jin Faransancin sosai, kuma bai damu da wanda ya yi kisan ba. Jikin mutane yake kallo. Da an harbi mutum ya yi sama ya faɗi can baya, sai ka ji ya ce ƙarya ne, mutum durƙushewa yake yi a inda yake. Jinin kuma, in ji shi, zoɓo ne, domin jinin gaskiya ba ya daɗewa yana ja, baƙi yake yi, ya yi danƙo, ya yi ƙarni. Yana tambaya ina ƙudaje. Yana tambaya ina dangin mamacin, da za a bar shi kwana biyu a kan tebur babu wanda ya zo neman a ba shi a yi masa sutura. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne motar asibiti, wadda take isowa tun hayaƙin bindiga bai watse ba. Yakan ce su zo Gure su ɗauki fim, su ga yadda ake kawo mutum a kan amalanken jaki daga tafiyar rabin yini.

Mutanen rumfar sun gaji da shi, amma in bai zo ba sai su aika a duba ko lafiya. Ni dai ba na ɓoye masa. Ni ce Rahama, autar Inna, kuma an san ni da baki. In ya biyo ta gidanmu ya tarar ina kallo a gefen keken ɗinkina, ya fara ƙarya ne, ƙarya ne, sai in ce masa kowa ya san fim ne, ba wanda ya ce asibiti muka zo, ya bar mu mu ji daɗin abinmu. Sai ya yi dariya ya ce ai gara ya faɗa mana, kada wata rana mu ɗauka haka mutuwa take.

Yayana Hamidu shi ne ɗan farin Inna. Saboda haka, bisa al'adar da ta tashi a ciki, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun yana yaro wancan take ce masa, da ya girma ya sayi babur ya koma mai babur. Ba ta zama kusa da shi, ba ta yaba shi a gaban mutane, in ya yi rashin lafiya sai dai ta aike ni in duba shi. Kawu ne ya zame masa uwa da uba. Shi ya kai shi lakkwal, wato makarantar boko, shi ya koya masa duba haƙoran akuya, shi ya nema masa aure. Hamidu ya zama mai sayen awaki da tumaki a kasuwannin daji ta wajen Alakoss, yana kawowa Gure. Ba ya fita ba tare da jarkarsa ta ruwa ba, ƴar ƙarama wadda aka ɗinke da buhu, in an jiƙa buhun ruwan ya yini da sanyi.

Shekara huɗu ke nan, da bazara, wasu mutane biyu suka tare shi da hantsi a hanyar rairayi. Suka karɓe babur ɗin, suka harbe shi sau ɗaya a ciki. Makiyaya ne suka tsince shi, suka ɗoro shi a amalanke, ba su iso gari ba sai azahar. Aka aika wa Kawu. Majo ya ce sai an yi masa aiki, kuma aikin sai Damagaram. Aka sa shi a mota, Kawu ya shiga baya ya zauna kusa da kansa. Ana kiran la'asar motar ta dawo da su. Ya cika kaɗan bayan sun wuce Gidigir.

Ba zan manta zaman makokin nan ba, domin ban taɓa jin haushin mahaifiyata kamar ranar ba. Matar Hamidu tana birgima a ƙasa, ni muryata ta dushe, Inna kuwa tana zaune a kan tabarma fuskarta a bushe, tana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Mata suna ta yaba dauriyarta, ni kuma ji nake kamar in kama kafaɗunta in girgiza. Ba ta ga gawar ba, ba ta tambayi kowa komai ba, domin uwa ba ta tambaya a kan ɗan fari. Bayan an dawo daga maƙabarta Kawu ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ya ba ta amsar tambayar da ba ta yi ba. Ya ce yaron bai sha wahala ba, tun a daji ya sume, bai san inda yake ba, sai dab da ƙarshe ya buɗe ido ya yi kalmar shahada ya koma barci. Inna ta ce alhamdu lillahi. Ya miƙa mata hular Hamidu da jarkarsa, ta rataye jarkar a ƙusa a bayan ƙofa.

Bayan sadakar arba'in sai ta zo da abin da ya ba ni mamaki. Matar da ke cewa talabijin aikin marasa aikin yi ne, wata la'asar ta jawo kujera ƴar tsuguno ta ce in kunna mata na ƴan sandan nan. Daga ranar ba ta fashi. Ba ta jin ko kalma ɗaya, ba ta tambayar wane ne wane. In ana surutu a ofis tana tsince shinkafarta, amma da an zaro bindiga sai ta ajiye faifai ta matso. A fim ɗin nan kuwa duk mutuwa iri ɗaya ce. Mutum ya faɗi, ya lumshe ido, abokinsa ya tallafo kansa, ya farfaɗo ya faɗi ƴan kalmomi fuskarsa fes, sannan wuyansa ya langaɓe. Sai in ga Inna ta gyaɗa kai ta koma kan shinkafarta. Na daɗe kafin in gane cewa abin da kunya ta hana ta tambayar mutane ne take tambayar talabijin, shi kuma kullum yana ba ta amsar da Kawu ya ba ta.

Kawu yana zuwa gaishe ta kusan kullum a daidai wannan lokaci, sai ya zauna a bakin rumfa. A rumfar Jibo yana nan yadda yake, amma a gidanmu ko tari ba ya yi. Wata rana bayan an nuna irin mutuwar nan, Inna ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Yaya, haka ake yi?" Ya ce, "Haka ake yi." Na dube shi na ga ya damƙe carbinsa har jijiyoyin hannunsa sun tashi.

Ni da bakina ba ya shiru, da na raka shi zaure sai na tsokane shi, na ce yau Ƙarya-ne ya zama Gaskiya-ne. Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan dakali ya ce in zauna, ya gaya mini abin da ya faru a motar. Hamidu bai sume ba ko na minti ɗaya. Idonsa biyu tun daga daji, kuma tun da aka ɗora shi a mota abu ɗaya yake cewa, Kawu ruwa. Ƙa'idar aikin kuwa, wadda Kawu ya yi shekara talatin da ɗaya yana bi, ita ce ba a ba wanda aka harba a ciki ruwa in za a yi masa aiki, domin ruwan yana iya zame masa ajali. Jarkar tana nan a gefen ƙafarsu, buhunta a jiƙe, Hamidu yana kallonta. Kawu ya jiƙa bakin rawaninsa ya shafa masa a leɓe, Hamidu ya cafke ƙyallen da haƙora yana tsotsa, Kawu ya fizge. Ya yi ta ce masa saura kaɗan, in an gama aiki zai ba shi har ya ƙoshi. Ya ce in rufa masa asiri kada Inna ta ji, domin wannan barcin da ya ce yaron ya yi shi ne kaɗai abin da take riƙe da shi. Na yi kuka a zauren nan har kaina ya yi ciwo, sannan na wanke fuska na koma ciki na zauna kusa da ita.

Daga nan muka zama mu biyu masu gadi. Na tsani fim ɗin nan kamar me, amma ni ce mai kunna shi, in an ɗauke wuta har addu'a nake a kawo kafin la'asar. Na gane cewa da masu fim ɗin za su yi abin da Kawu ya daɗe yana nema, su nuna yadda abin yake da gaske, da sun kashe mini uwa.

Haka muka kai shekara biyu. Ranar da abin ya fashe wata Talata ce, ana zafi irin wanda ko kaji ba sa motsi. Muna zaune mu uku a rumfa. A fim ɗin an harbi wani ɗan sanda a ciki a bakin hanya, abokin aikinsa ya durƙusa ya tallafo shi, ya buɗe kwalbar ruwa ya kafa masa a baki, mutumin yana sha yana murmushi. Duk ƙaryar da aka nuna a shekara biyun nan Kawu ya haɗiye ta, amma wannan ba ta wuce masa ba, domin aikin hannunsa ne ake ɓatawa a gabansa. Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Kai, ƙarya ne, ba a ba su," in ji shi. "Duk wanda aka harba a ciki ruwa yake roƙo, har muryarsa ta tafi, amma ba a ba shi."

Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya tsaya hannunsa a miƙe wajen talabijin. Inna ta ajiye faifanta a hankali, ta ce in kashe tele. Na kashe. Ta ɗago ta dubi yayanta.

"Yaya, Hamidu ya roƙa?"

Shekarata talatin a duniya, ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Kawu ya koma ya zauna. Na ɗauka zai sake yin wata ƙaryar, har ina roƙon Allah a raina ya yi, amma ba shi da ta biyu.

"Ya roƙa."

"Tun daga ina?"

"Tun daga Gure."

"Ka ba shi?"

"Ban ba shi ba, Yabawa." Ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa. "Tun da na ga leɓensa na san ba zai kai Damagaram ba. Da ɗan wani ne, da na yarda da idona, na ba shi ya sha ya tafi da sanyi. Na sha yin haka. Amma da yake nawa ne, sai na ce zai kai."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da jarkar. Ba ta taɓa buɗe ta ba tun ranar da ta rataye ta. Ta ce ranar da ya miƙa mata ta ji ta da nauyi, sai ta ce a ranta ai don barci yake yi ne. Ta rungume jarkar ta zauna a tsakar gida a cikin rana, ta yi kukan da ba ta yi ba shekara biyu da suka wuce, tana kiran sunansa a jere, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na taɓa son ganin kukan nan, amma da ya zo sai na so a ce bai zo ba. Kawu ya sa takalmansa ya fita, babu wanda ya ce masa ya tsaya.

Washegari ta aike ni kasuwa in sayo babbar randa da moɗa. Ta sa aka kafa randar a gindin dogon yaron ƙofar gida, inda masu amalanke da matan daji suke wucewa ranar kasuwa. Ta juye ruwan jarkar a gindin bishiyar, ta lulluɓe talabijin da zani, ba ta sake cewa a kunna ba. Kwana uku Kawu bai zo ba. A na huɗu, da sassafe, na fito shara na tarar da shi yana juye bokiti a randar. Ba ita ta sa shi ba, kuma ba ta hana shi ba. Daga ranar shi ne mai cika ta, safe da yamma, tsoho mai shekara kusan saba'in yana ɗauko ruwa daga famfon bakin masallaci. Na yi masa faɗa, na ce akwai masu ƙarfi a gidan, ya ce in bar shi. Suna gaisawa da Inna a ƙofa, ta tambayi kwanansa, ya tambayi nata, amma bai sake shiga rumfar ba. Kuma duk zafin da ake yi ban taɓa ganin ya ɗauki moɗar nan ya kai bakinsa ba.

Rumfar Jibo ma ya daina zuwa. Jibo ya gaya mini cewa har yanzu suna kallon fim ɗin, an kai kashi na ban san nawa ba, ana ta mutuwa fes-fes, babu mai cewa komai. Ya ce kallon ya rage daɗi.

Bazarar bana ce ta kayar da shi. Wata safiya randa ta wayi gari babu ruwa, na je gidansa na tarar da shi kwance da zazzaɓi. Aka kai shi asibitin da ya yi wa shara, suka yi abin da za su iya, bayan kwana shida suka ce mu koma da shi gida. Inna ta ce ɗakinta za a kawo shi. Ba ya cin komai, leɓensa ya tsattsage. In na kawo masa kofi sai ya juya fuska wajen bango, na lallashe shi, na yi masa tsawa, duk a banza. Na san ba ciwon ne kaɗai ya hana shi sha ba, kuma abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Da hantsin ranar ƙarshe Inna ta fita ƙofar gida da kanta, ta ɗebo ruwa a randar, wadda ni nake cikawa tun da ya kwanta. Ta zauna a gefen tabarmarsa, ta ɗora kansa a cinyarta, ta cika cokali ta kai bakinsa. Ya datse leɓe.

"Yaya, sha," in ji ta. "Rai kake nema wa Hamidu a ranar, na sani. Sha."

Ya dube ta ya daɗe, hawaye yana gangarowa cikin kunnensa, sannan ya buɗe baki. Cokali uku ya sha. Kafin azahar ya cika, moɗar tana ajiye a gefensa da sauran ruwan a ciki.